Dakashin da na tara a sirinji kafin na haihu

A cikina na uku ne gwaji ya nuna ina da ciwon suga irin wanda ciki ke tayarwa. Aka raba ni da fura mai zuma da lemon kwalba, aka haɗa ni da soke yatsa safe da yamma. Da cikin ya cika mako 36, Sistar da ke duba mu a wajen awo ta jawo kujera ta tambaye ni ko na iya tatsar nono da hannu. Na ce 'ya'ya biyu na shayar, amma ban taɓa tatsa ba, balle tun ban haihu ba.

Bayanin da ta yi mini ya shiga kaina. Idan sugan uwa yana hawa, yana bi ta mabiyiya ya isa ga ɗan da ke ciki, shi kuma jikinsa sai ya riƙa samar da insulin da yawa don ya ƙone shi. Ana yanke cibiya, sugan uwa ya daina zuwa, amma insulin ɗin yana nan bai sauka ba. Shi ya sa a sa'o'in farko sugan irin waɗannan jarirai ke faɗuwa, sai ka ga yaro ya yi laushi, ga barci, ya kasa kama nono, a lokacin da ya fi bukatarsa. Idan uwa ta zo da dakashinta a hannu, shi za a fara ɗiga masa kafin a yi maganar madarar gwangwani. Ashe ma nono yakan fara haɗa dakashi tun wajen mako na 16, yana nan yana jira.

Inna ce ta fara tayar da ƙura. Ta zo zaman jiran haihuwa, ta tarar da ni a bakin gado da ƙaramin sirinji a cinya.

"Ke 'yar nan, me zan gani haka? Abin da muke matsewa mu zubar shi kike tarawa kamar turare?"

A zamaninsu, in ji ta, ba a ba jariri nono sai ya yi fari. Wannan mai kauri, mai ruwan ɗorawa, ƙazanta ake ɗaukarsa, sai a yi ta ba yaro ruwan ɗumi ana jira. Ban ja da ita sosai ba, don ta ga yadda na sa 'ya'yana biyu na farko a nono tun a ɗakin haihuwa kuma ba abin da ya same su. Amma magana ta biyu da ta kawo tana da ƙanshin gaskiya: ta ce mai ciki ba ta wasa da nono, yana tayar da naƙuda. Haka ne. Taɓa kan nono yana sa jiki ya saki oksitosin, sinadarin da ke sa mahaifa ta murɗa. Dalilin ke nan da ba a yarda a fara kafin mako 36 ba, kuma ba kowace mace ake ba izini ba. Wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, ko aka ɗinke mata bakin mahaifa, ko mabiyiya ta sauko ta tare hanya, ko take ganin jini, ba da ita ake ba.

Na karanta wani bincike da aka yi a Ostireliya, wanda mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2017. Mata 635 masu ciwon suga, waɗanda cikinsu ba shi da wata matsalar, aka raba gida biyu. Rabi suka riƙa tatsa sau biyu a rana daga mako 36, rabi ba su yi ba. Ba a ga tatsar ta ƙara yawan jariran da aka kwantar a sashen kulawa ta musamman ba. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne yawan abin da suka samu: ta tsakiyarsu, duk tatsar da ta yi har ta haihu, kimanin mililita 5 ta tara, wato cokalin shayi guda. Wasu ko ɗigo ba su gani ba.

Don ni ma da farko ba abin da ya fito sai zufa. Nakan wanke hannu da sabulu, in jiƙa tawul da ruwan ɗumi in ɗora, sannan in sa babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, kamar faɗin yatsu biyu daga kan nonon. Sai in danna baya wajen ƙirji, in haɗa yatsun a hankali, in saki, in sake. Ba a jan fata, ba a murza kan, kuma in ya yi zafi to ba daidai ake yi ba. Da hannun ya gano wurin, sai wani ɗan ƙwaya mai sheƙi ya tsaya a baki, ya ƙi faɗuwa saboda danƙo. A nan sirinjin ke aiki, marar allura, mai mililita 1: in kai bakinsa in zuƙe ɗigon. Injin tatsa ba shi da amfani a wannan matakin, duk abin zai manne a jikin robar ya ƙare. Minti goma na iya, in bari. Sista ta ja mini kunne cewa da na ji mara ta fara murɗawa in tsaya, in bai lafa ba in taho asibiti.

Wahalar gaske wuta ce. Takardun da ke koyar da wannan abu an rubuta su ne don gidajen da firiza ba ta mutuwa. Dakashin da ya daskare ya narke ba a mayar da shi, cikin awa 24 ake amfani da shi ko a zubar, mu kuwa a unguwarmu sai a kwana biyu ba a kawo wuta ba. Maƙwabciyata mai sayar da ƙanƙara da zoɓo ce ta cece ni, tana da firiza mai sola. Kowane sirinji in toshe bakinsa, in manna filasta in rubuta sunana da kwanan wata, in sa a leda mai zif, in kai mata da kaina, ta ajiye a lungu guda da yaranta ba sa taɓawa. Duk wadda ba ta da irin wannan hanyar, ni a ganina kada ta damu da tarawa. Ta koyi tatsar kawai, hannunta ya saba, don shi ne abin da za ta shiga ɗakin haihuwa da shi ko da wuta ko babu.

Ranar da na haihu, maigidan ya biyo mu da sirinjin a cikin kula da ƙanƙara. Gwajin da aka yi wa yaron a dunduniya ya nuna sugansa ya yi ƙasa, ga shi ya ƙi buɗe baki. Sista ta ɗumama guda a tafin hannunta, ta riƙa ɗiga masa a gefen kunci yana lasa. Abin da na tara bai kai dare ba ya ƙare, amma a lokacin ina iya tatsa kai tsaye a cokali, ko kallon hannuna ba na yi. Inna ce ma ke riƙe cokalin, tana mita cewa kaɗan ne. Kafin azahar ta washegari yaro ya kama nono da kansa.

Ƙanwar maigidana tana ɗauke da tagwaye yanzu, ta aiko a ba ta sauran sirinjin da ban buɗe ba. Na hana. Masu cikin tagwaye sukan haihu kafin lokaci, kuma ba sa cikin matan da aka yi wancan binciken a kansu. Na ce ta tambaya a wajen awo ranar Talata, in likitarta ta amince ni da kaina zan kai mata.