Harafi ɗaya a cikin ɗigon shan inna

Ɗigo biyun da masu riga-kafi ke bi gida-gida suna ɗiga wa yara a Rigasa da Tudun Wada, bairos ne mai rai wanda aka karya masa ƙarfi. Babban ɓangare na karayar yana daidai inda RNA ɗinsa, wato zaren da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin, ke kama furotin na jikin ɗan Adam.

Bairos ɗin shan inna talaka ne wajen kaya. Guzurinsa zaren RNA guda ne mai haruffa kusan 7,500. Ba shi da ribosom, injin da ke karanta RNA ya ƙera furotin, dole sai ya ari na tantanin da ya shiga. Ga kuma matsala: saƙonnin RNA namu suna da hula a kansu, ita ce shaidar da ake dubawa kafin ribosom ya hau. Na shan inna ba shi da ita. Maimakon hula, haruffa kusan 740 na farkon zaren suna nannaɗewa su yi rassa shida, kuma rassan na biyu zuwa na shida su ne mashigar da ake kira IRES, wadda Pelletier da Sonenberg suka bayyana a 1988.

Mashigar ba ta tsayuwa da ƙafarta. Sai furotin ɗinmu PCBP2 ya kama reshe na huɗu, PTB ya kama na biyar, su tallafe siffar, sannan wani furotin ɗinmu, eIF4G, ya zauna ya jawo ribosom. Aikin PTB na asali a cikin cibiyar tantani yake, wajen yanka da haɗa saƙonnin RNA ɗinmu, amma cutar tana lalata ƙofofin cibiyar har ya malalo waje inda take bukatarsa.

Da zarar an ƙera furotin na farko, sai almakashin bairos, wato furotin ɗinsa mai yanka furotin, mai suna 2A ya raba eIF4G gida biyu. Guntun da ke hulɗa da hula ya tashi aiki, guntun da IRES ke bukata yana nan daram. Cikin 'yan sa'o'i saƙonnin tantani sun yi shiru, ribosom duk sun koma yi wa baƙo hidima. Tantani yakan yi yunƙurin kare kansa, furotin G3BP1 ya tattara saƙonni ya dunƙule su wuri ɗaya don a tsayar da aiki, sai almakashi na biyu, 3C, ya datse shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne sauyin aiki. Ribosom yana bin zaren daga kai zuwa wutsiya, injin kwafi na bairos yana tasowa daga wutsiya zuwa kai, kamar motoci biyu a kan siririyar gada. Dole ɗaya ya kauce. Sai 3C ya guntule PCBP2 da PTB. Guntun PCBP2 ba ya iya tallafar IRES kuma, amma yana riƙe reshe na farko, inda ake ɗaura damarar kwafi. Furotin ɗaya, an ci moriyarsa sau biyu.

Bairos ɗin nau'i uku ne. A nau'i na 3 na riga-kafin Sabin, wato ɗigon baki na asali, harafi na 472 ya sauya daga C zuwa U. A nau'i na 1 wurin shi ne 480, a na 2 kuma 481. Dukkansu suna cikin reshe na biyar. Reshen ya yi sako-sako, riƙon PTB da eIF4G ya yi rauni, ƙera furotin ya ragu. A hanji bairos ɗin yana hayayyafa daidai yadda jiki zai koyi yaƙarsa, a laka kuwa da ƙyar yake motsi. Akwai wasu sauye-sauyen a kwansonsa da ke ƙara raunin, amma na reshen nan ne ginshiƙi.

Nan ne kuma ake samun tangarɗa. Injin kwafin bairos yana yawan kuskure, ba ya kuma gyarawa, don haka harafin yakan koma asalinsa a hanjin yaro cikin kwanaki. Shi yaron galibi kariya yake samu. Haɗarin yana unguwar da yara da yawa ba su sha ɗigon ba: bairos ya fita ta bayan gida, ya yi ta zagaye wata da watanni har ƙarfinsa ya dawo. Shi ya sa ko bayan an tabbatar Afirka ta rabu da shan inna na daji, wato wanda bai fito daga riga-kafi ba, a Agustan 2020, nau'i na 2 mai tushe daga riga-kafi ya ci gaba da shanye ƙafafun yara a Arewa. Abin yana da ciwo, domin giɓin riga-kafi ne ke ba shi hanya.

Sabon ɗigon nau'i na 2, nOPV2, wanda Najeriya ta fara amfani da shi a Maris 2021, an sake saƙa reshensa na biyar ta yadda sauyin harafi ɗaya ba zai ƙarfafa shi ba. An ɗauko wani muhimmin ƙulli mai suna cre daga tsakiyar zaren an dawo da shi kai, don idan bairos ya yi musayar kansa da na wani danginsa a hanji, ya rasa ƙullin ya kasa hayayyafa. An kuma gyara injin kwafin ya rage kuskure.