Yadda na mayar da Inna ɗakinta

Bayan rasuwar Baba, Inna ta rage ita kaɗai a tsohon gidanmu kusa da Ƙofar Marke. Ta haura saba'in, ga ciwon gwiwa, ga hawan jini. Wani abokina da ya zauna Ingila ya ba ni labarin gidajen tsofaffi na can, masu ma'aikatan jinya dare da rana. Na saurare shi dai. A Sakkwato wanda ya kai mahaifiyarsa irin wannan wuri, da wane ido zai dubi dangi ranar Sallah?

Sai na yi abin da na ɗauka shi ne dabara. Na kama mata haya a Mabera kusa da ni, ciki da falo, da tayil da famfo. Kuɗin shekara ya cinye rabin abin da na tara, amma ina ta murna na fita kunya.

Sati uku da tarewa, santsin tayil ya kayar da ita wajen alwala. Allah ya taƙaita, targaɗe ne a hannu. Likitan da ya duba ta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya ce mini abin tsoro ga tsoho shi ne karayar ƙugu, don wasu daga ita ba sa sake tashi. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Bulo da kwano kan riƙe shi har tsakar dare, alhali ɗakinta na ƙasa mai azara da sanyinsa.

Duk wannan bai tayar mini da hankali kamar shirunta ba. Babu maƙwabciyar da za ta leƙo da safe, babu almajirin da ta saba zuba wa tuwo, ko muryar ladanin baƙuwa ce. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana. Wata rana bayan Magariba ta ce, "Kai wannan, mi niy yi maka kak kawo ni kurkuku?"

Washegari na nemo magini.

Gyaran tsohon ɗakin bai kai kuɗin hayar da na yi asara ba. Muka yi daɓen siminti mai kaushi, muka rage tsayin dokin ƙofa, aka sa masai na zama da ƙarfen dafawa a bango, don tsuguno ne ke wahalar da gwiwarta. Ƙaramin sola ya ɗauki fanka da ƙwai biyu, ɗaya a hanyar bayan gida. Randarta kuwa ta ce kada a taɓa.

Mai kwana da ita ce ta fi ba mu wuya. Muka samu 'yar ƙanwar Baba, bazawara, na kuma dage sai an yanka mata albashi. Ƙannena suka ce ai zumunci ne, biya kamar raini ne. Na ga yadda jinyar kyauta ke ƙarewa da gori, shi ya sa kowannenmu ke turo kasonsa ƙarshen wata, har da kuɗin magani. Na saya musu na'urar awon jini, ita ke rubuta sakamakon a littafi mu kai wa likita.

Jumma'ar da ta wuce na je gaishe ta, na tarar da tsofaffi huɗu a kan tabarma ana ɓarar gyaɗa ana lissafin wanda ya aurar da wanda ya haihu. Ta amsa gaisuwata a gurguje, ta ce in dawo bayan La'asar, yanzu tana da baƙi.