Yadda na zaɓi manhajar kunna waƙoƙi a gida

Abin da nake nema ba shi da yawa. Waƙoƙin da na tara su zauna wuri guda, kowa a gidan ya kunna abin da yake so daga wayarsa, sautin ya fito ta lasifikar falo ko ta ɗakin uwargida, a daina zare memori daga wannan waya ana cusawa a waccan. Spotify ta shigo Najeriya tun 2021, ga Audiomack da Boomplay kuma, amma mafi yawan abin da nake saurare ba ya can, wanda ke can ɗin ma a warwatse yake. Ga cin data.

Tarin nawa kala uku ne. Akwai faya-fayan sidi da na kwafe zuwa FLAC, wato tsarin fayil ɗin sauti da ba ya rage inganci, akwai tsofaffin kasa-kasai da na juye zuwa kwamfuta, sai kuma mafi yawa, MP3 ɗin da aka tura mini a kasuwa shekara da shekaru. Wannan kaso na ukun shi ya yanke mini hukunci a kan kowace manhaja.

Uwar garken, wato kwamfutar da ke ajiye waƙoƙin tana raba wa sauran na'urori, wata tsohuwar laftof ce da na sa wa tsarin aiki na Linux. Na zaɓe ta ne saboda batirinta: in an ɗauke wuta tana ci gaba da aiki har inbata ta karɓa, faifan ajiyar ba ya mutuwa bagatatan.

Na fara da Roon, don ita masu harkar sauti suka fi yabawa, tana da lokacin gwaji kyauta kuma. Kyakkyawa ce, babu musu. Ka buɗe faifan jaz, ta kawo maka hoton mawaƙi, tarihinsa, wanda ya buga ganga, da sauran faya-fayan da ya yi wa kiɗa. Duk wannan daga rumbunan bayanai na intanet take ɗebo shi, waɗannan rumbunan kuwa ba su san makaɗan fada da na noma ba. A ɓangaren Hausa sai ta zama fanko, sunan fayil kawai. Kuɗinta kusan dala 15 ne a wata, na dindindin ya haura dala 800.  Ga mai tarin faya-fayan Turai da Amurka ta cancanci kuɗinta, ni kuwa zan biya ne don abin da bai shafi yawancin tarina ba.

Plex da manhajarta ta waya, Plexamp, sun fi kusa da buƙatata, musamman da Plexamp ta zama kyauta a 2023. Sai dai tsarinta ya ginu ne a kan shiga asusu ta intanet. Akwai saitin da ke ba na'urorin cikin gida damar shiga ba tare da wannan ba, amma ni na fi son abin da tun asali ba ya neman izinin kowa daga waje. Jellyfin, wadda ta ɓalle daga wata manhajar, Emby, a ƙarshen 2018 lokacin da Emby ta daina buɗe wa jama'a lambobin da aka gina ta da su, ba ta da wannan sharaɗi, kyauta ce kuma. Ƙarfinta dai a fina-finai yake. Wanda yake son fim da waƙa a tukunya ɗaya, ita zan nuna masa.

A ƙarshe biyu na haɗa, dukkansu suna karanta folda ɗaya. Navidrome ita ce ta wayoyi: ƙarama ce, ba ta wahalar da tsohuwar kwamfuta, ba ta taɓa fayilolinka ko ta sauya musu komai, tana kuma magana da yaren Subsonic, wato tsarin da manhajojin waya ke bi su karɓi waƙa daga uwar garke, don haka manhajojin waya da yawa suna aiki da ita. Ni Symfonium nake amfani da ita a Android, ana sayenta sau ɗaya, tana kuma adana waƙoƙi a wayar don tafiya. Ta ɗakuna kuwa Lyrion ce, wadda aka sani da Logitech Media Server kafin a sauya mata suna a 2024. Logitech ta daina ƙera na'urorinta na kunna waƙa, Squeezebox, waɗanda aka yi manhajar dominsu, tun 2012, masu amfani da su suka riƙe manhajar har yau. Kamanninta na da ne, sai ka ɗora mata sabuwar fuska mai suna Material Skin take kyan gani a waya, amma wajen sa ɗaki biyu su yi waƙa ɗaya a lokaci ɗaya ba tare da amsa-kuwwa ba, ban ga kamarta a cikin na kyauta ba.

A kowane ɗaki na ajiye 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi mai ɗauke da piCorePlayer, tsarin da ke karɓar waƙa daga Lyrion, aka jona shi da amfilifaya. Dalilin zaɓen piCorePlayer a kan takwarorinsa Volumio da moOde guda ne: da zarar ya tashi, gaba ɗayansa a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake aiki, ba ya yawan rubutu a memori. A ɗauke wuta sau nawa aka ga dama, in ta dawo zai tashi lafiya. A inda nake, wannan ya fi mini duk wani ado.

Ainihin aikin ba girka manhaja ba ne, wannan na yini ɗaya ne. Aikin yana cikin tag, wato bayanan da ke ƙunshe a cikin fayil ɗin kansa: sunan mawaƙi, sunan faifai, lambar waƙa, shekara. Navidrome da su take tsara komai. Da ta gama karanta tarin, sai ga Shata shi kaɗai ya rabu gida-gida, Mamman Shata daban, Dr. Mamman Shata daban, Alhaji Mamman Shata Katsina daban, wani wurin ma SHATA kawai da manyan baƙaƙe. Fayilolin kasuwa kuwa a gurbin mawaƙi za ka tarar da sunan shafin da aka sauko da su, a gurbin faifai lambar wayar mai shago, hoton bango kuma tallarsa. MusicBrainz Picard tana sauraron zanen sautin waƙa ta gano ta, ta kuwa gyara mini na ƙasashen waje cikin sauƙi. Na gida sai da hannu, da Mp3tag, dare bayan dare.

Sai da na kafa wa kaina ƙa'ida. Suna ɗaya ga kowane mawaƙi, ba Alhaji ba Dakta, duk da girmamawar da nake musu. Waƙoƙin da ba su taɓa fitowa a faifai ba, na haɗa su a ƙarƙashin faifan da na ƙirƙira da kaina, kamar na sarauta, na noma, na 'yan dambe. Shekarar da ban tabbatar ba na bar gurbinta babu komai. Su ɗ da ƙ da ɓ kuma sai an adana tag ɗin a sabon tsarin ID3v2 da Unicode, wanda ya san haruffan harsuna daban-daban, domin tsohon tsarin ID3v1 bai san su ba. Ko an yi hakan, wasu manhajoji suna jefa suna irin Ɗanƙwairo can ƙasan jeri bayan Z. Maganinsa akwai gurbi na musamman na jerawa, a nan nake rubuta shi da D, a fuska kuma ya fito da ƙugiyarsa.

Karatun Alƙur'ani da tafsiri na fitar da su daga foldar waƙa gaba ɗaya. Ba na son a danna a cakuɗa, a tashi daga kalangu a faɗa tsakiyar sura. Tafsirin na ba Audiobookshelf, wadda aka yi don littattafan sauti, domin tana tuna inda kowane mutum ya tsaya a karatun awa biyu. Uwargida wannan ɓangaren ta fi buɗewa, ita ce ma ta sa na raba wa kowa asusunsa, don kada wurin tsayawar wani ya goge na wani.

Maganar wace manhaja ta fi daɗin sauti, ni dai kunnena bai ji bambanci ba muddin fayil ɗaya ne da lasifika ɗaya. Sidi yana ɗauke da kilobit 1,411 a daƙiƙa, FLAC yana matse shi zuwa wajen rabi ba tare da ya zubar da komai ba, don haka sidi a FLAC nake ajiye shi. Amma mayar da MP3 na kilobit 128 zuwa FLAC cika faifai ne kawai, abin da ya zube ba ya dawowa. Abin da ya gyara saurare a gidan da gaske shi ne ReplayGain, tsarin daidaita ƙarfin sautin waƙoƙi. Kaset ɗin da na juye yana fita a hankali, sabuwar waƙar situdiyo kuma ta zo da ƙara kamar za ta tsaga lasifika. Na bi tarin duka da foobar2000 ta auna ƙarfin kowace waƙa ta rubuta a tag, ba ta taɓa sautin ba, Lyrion da Symfonium kuma suna bin abin da ta rubuta.

Har yanzu akwai folda guda da na sa wa suna "ba a tantance ba", cike da waƙoƙin da ban san mawaƙansu ba. In baffana ya zo ziyara nakan kunna masa biyu ko uku, sau da yawa tun kafin a gama amshin farko ya faɗi sunan makaɗin da wanda aka yi wa waƙar, ni kuma in rubuta.