Godiya: mun samo sunan Kaka

Alhamdulillahi. Jiya aka yi saukar Alƙur'ani aka yi wa Kaka addu'a, baƙi sun watse, yanzu na samu na zauna. Duk kun san wata bakwai da na yi ina zarya tsakanin gida da Kaduna, ina neman labarin kakanmu da ya tafi yaƙin duniya na biyu bai dawo ba, ba sai na maimaita ba.

Abu ɗaya ne ya ƙi barin raina. Ran da na fid da rai, na fito daga ɗakin adana tsoffin takardu hannu rabbana, na zauna a inuwa kusa da wani dattijo ɗan mazan jiya. Ya ce, "Yaro, lafiya?" Na zayyana masa. Ya yi dariya ya ce, "Da sunan ubansa kake nema? Bature ba ya rubuta wannan. Sunan mutum da na garinsu yake haɗawa, a ce wane Katsina, wane Sakkwato." Ya miƙo mini rabin goronsa. Wallahi ko sallamar kirki ban yi masa ba don gaggawa. Baba, in wannan ya iso gare ka, ka yafe mini. Allah ya sa ka gama da duniya lafiya.

A daren nan sunan ya fito a shafin intanet na hukumar kula da kaburburan sojojin Commonwealth: Rundunar Najeriya, bataliya ta 7, ya rasu a 1944. Ba shi da kabari sananne. Sunansa na jikin bangon tunawa da ke maƙabartar Taukkyan, wajen birnin Yangon na ƙasar Bama, cikin sunaye kusan 27,000. Bataliyarsu na cikin waɗanda aka tura bayan layin Japanawa, ana jefo musu abinci daga jirgi, su ne 'yan Chindit. Sau nawa na wuce barikin Chindit a Zariya ban san ya shafe ni ba!

Ta hana ni ambatonta, amma sai na ambata: Goggo, autar Kaka. Tana goye ya tafi, ta tashi da gorin wai ubanta gudu ya yi ya bar su. Ita ta sayar da tunkiyarta ta ba ni kuɗin mota. Da na karanta mata, shiru ta yi, can ta ce, "Sake karantawa, ɗan nan." Sau uku.

Kawu na Tudun Wada da ya sauke ni, da matarsa mai tuwon dare, da ƙanwata mai lalubo intanet, Allah ya biya ku da Aljanna, ya raya muku zuri'a, ya rufa muku asiri duniya da lahira. Waɗanda kuwa hoton Kaka ke akwatinsu amma wayarsu ta daina shiga, har jiyan ma ba mu gan su ba, to, Allah ya sa lafiya.

Allah ya jiƙan Kaka da duk waɗanda suka kwanta a dajin nan tare da shi. Takardar da ke ɗauke da bayanin Kaka tana wurin Goggo, ta ce ba mai karɓa. Mai son kwafi ya yi mini magana bayan Juma'a.