Abin da Lissafin Iyakar Ƙarfi Ya Koya Mini

Tun farkon karatuna na kimiyyar fiziks na saba da cewa babu abin da ke wuce saurin haske, wato kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma ban taɓa tunanin cewa ƙarfi shi ma yana iya samun iyaka ba, sai da na kai ga nazariyyar dangantaka ta gama-gari, wato bayanin janyowa da Einstein ya kammala a 1915.

A 2002 Gary Gibbons na Jami'ar Kambirij ya gabatar da hasashen cewa ƙarfin da ke tsakanin abubuwa biyu ba zai haura c⁴/4G ba, inda c ke nufin saurin haske, G kuma adadin Newton na janyowa. Wannan ya kai kusan newton (ma'aunin ƙarfi) 3 × 10⁴³. Na zauna na gwada da kaina. Na ɗauki dokar Newton ta janyowa, na sa abubuwa biyu masu nauyi ɗaya, na mai da tazararsu daidai da nisan bakin baƙin rami (wurin da janyowa ta yi ƙarfin da ko haske ba ya iya fita) daga tsakiyarsa, 2GM/c², inda M ke nufin nauyin, sai nauyin ya ɓace daga lissafin gaba ɗaya, adadin Gibbons ya fito. Dalili shi ne, duk wanda ya cusa nauyi mai yawa a ƙaramin wuri domin ya ƙara ƙarfi, baƙin rami zai samu, kuma bakinsa yana faɗaɗa gwargwadon nauyin da aka ƙara.

Murna ta sa na kai wa malaminmu takardar ina cewa na tabbatar da hasashen. Tambaya ɗaya ya yi mini: wane ne ke auna ƙarfin, kuma daga ina? Na rasa amsa, domin na yi amfani da dokar Newton a wurin da ta daina aiki, kuma a nazariyyar Einstein janyowa lanƙwasar sarari da lokaci ce, mai faɗuwa kai tsaye ba ya jin ta ko kaɗan.

Daga baya na karanta aikin Aden Jowsey da Matt Visser na 2021, inda suka kawo misalan taurari a lissafi waɗanda ƙarfin cikinsu ya zarce wannan iyaka, masu goyon bayan hasashen kuma suka mai da martani cewa ba irin wannan ƙarfin suke nufi ba. A ganina gardamar ta fi rataya a kan ma'anar kalmar “ƙarfi” fiye da lissafin kansa, kuma takardata ta farko ba ta ce komai a kan wannan ma'ana ba.