Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a hamadar Tenere

Alhamdu lillahi, mun shigo Agadas jiya bayan Isha'i, yara duka lafiya. Jikina ya yi tsami, amma ba zan kwanta ba sai na sauke wannan nauyi.

Kun ji yadda kulocin motarmu ya ƙone a yashi tsakanin garin Fachi da wurin da ake kira Bishiyar Tenere, da yadda ɗayar motar ta koma neman kayan gyara, ba sai na maimaita ba. Da rana mu fake a ƙarƙashin tabarmar da muka ɗaure jikin mota, da dare sanyi ya hana yara barci. Ruwan jarka kuwa da murfin buta nake auna wa kowa.

Abin da ya tsaya mini a rai Auta ce. Ta daina kuka, leɓenta ya tsage, na kira ta ba ta amsa ba. Ana haka sai ga ayarin gishiri daga Bilma. Madugunsu, wani dattijon Buzu, bai tambaye mu komai ba. Ya durƙusar da raƙuminsa, ya kwance salka, ya jiƙa bakin rawaninsa yana ɗiga mata a baki kaɗan-kaɗan, ya hana uwarta ta ba ta da yawa lokaci guda. Sai da ta buɗe ido ya ce a ɗora shayi. Ya bar mana dabino da cuku, alhali shi ma doguwar tafiya ce a gabansa. Na miƙa masa kuɗi, ya ture hannuna yana dariya. Baba madugu, Allah ya shayar da kai daga Alkausara, ya tsare maka raƙumanka, ya albarkaci zuriyarka.

An ce ba a ware wasu a godiya, amma ku yi haƙuri. Direbanmu da ya yini yana haƙa yashi da shebur, ya sace iskar tayu, ya shimfiɗa farantin ƙarfe a ƙarƙashin tayu, Allah ya biya ka. Bakaniken Fachi da ya biyo dare, da Kawu da bai ajiye waya ba har ya samo mai Thuraya, wato wayar tauraron ɗan'adam, da Inna da ta sa aka yi sauka, Allah ya saka muku da Aljanna.

'Yan'uwan da ko sallama ba su yi ba, sai "wa ya aike su da yara?", maganar ta iso. Ba komai.

Masu son zuwa barka, don Allah ku bari sai jibi, yau za a kai Auta asibiti a ƙara duba ta.