Dokar makamashi mai tsafta da sunayen masu kaɗa ƙuri'a

Mu mutanen jihar Tawa mun san Malbaza da masana'antar siminti tun muna yara, amma daga ƙarshen shekarar 2018 garin ya samu wani abin da ya fi jan hankalina, wato tashar lantarki mai aiki da hasken rana mai ƙarfin megawat 7, wadda ita ce ta farko irinta a Nijar. Bayan shekara biyar aka kunna ta Goru Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, kuma ta zo a kan gaɓa, domin a watan Agusta na 2023 Najeriya ta katse wutar da take ba mu, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi. A watannin nan na ga maƙwabciyata mai sayar da ƙanƙara ta yi asarar jarinta, na kuma ga teloli suna zaman jiran kuran har tsakar dare. Tun daga lokacin nake bin labarin dokokin makamashi da yadda ƴan majalisa ke kaɗa musu ƙuri'a.

Labarin Amurka ne ya fi tsaya mini a rai. A ranar 7 ga Agusta 2022 majalisar dattawan ƙasar ta amince da Dokar Rage Hauhawar Farashi, wadda aka ƙiyasta za ta zuba kimanin dala biliyan 369 a harkar makamashi mai tsafta da sauyin yanayi, galibi ta hanyar rangwamen haraji. Sanatoci sun rabu 50 da 50, sai da mataimakiyar shugaban ƙasa Kamala Harris ta raba gardama da ƙuri'arta. A majalisar wakilai aka tashi 220 da 207, kuma a zaurukan biyu babu ɗan jam'iyyar Rifablikan ko ɗaya da ya goyi bayan dokar. Ko a cikin ƴan Dimokurat, sai da aka yi ta ciniki da Sanata Joe Manchin, wanda jiharsa ta Bajiniya ta Yamma ta dogara da gawayin ƙasa, har aka sa masa sharuɗɗan da suka kare haƙar mai da iskar gas.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi koyar da ni. Yawancin masana'antun batura da na allunan hasken rana da dokar ta jawo sun sauka ne a mazaɓun ƴan Rifablikan, waɗanda suka ƙi ta a zaure. A watan Agusta na 2024 wakilai 18 daga cikinsu suka rubuta wa kakakin majalisa Mike Johnson wasiƙa suna roƙon kada a soke rangwamen gaba ɗaya, saboda mutanensu sun samu aiki ta dalilinsa. Amma da aka kawo babbar dokar haraji ta Shugaba Trump a watan Yuli na 2025, wadda ta datse yawancin wannan tallafi, ƴan Rifablikan biyu kacal suka ƙi ta a majalisar wakilai, aka tashi 218 da 214. A majalisar dattawa kuwa an sake rabuwa 50 da 50, mataimakin shugaban ƙasa JD Vance ya raba gardama. Rangwamen dala 7,500 na motar lantarki ya ƙare a ƙarshen Satumba, na kashi 30 cikin ɗari ga mai sa pano, wato allon hasken rana, a rufin gidansa ya ƙare a ƙarshen shekarar. Ƙuri'a ɗaya ce ta kafa dokar, ƙuri'a ɗaya kuma ta warware yawancin tallafinta kafin dokar ta cika shekara uku, alhali mai gina masana'anta lissafin shekara ashirin yake yi.

Da na kawo wannan zance a fadarmu muna shan shayi, kawuna, wanda tsohon malamin makaranta ne, ya ce mini: "Ɗana, su dai an san wanda ya ce i da wanda ya ce a'a. Kai ka taɓa sanin yadda depiten garinku ya ɗaga hannu?" Na ce masa: "Gaskiya ne, Kawu, jimilla kawai muke ji a rediyo." A can ana rubuta ƙuri'ar kowa da sunansa, shi ya sa mai zaɓe yake iya ɗaukar wasiƙar 2024 ya ajiye ta kusa da ƙuri'ar 2025 ya tambayi wakilinsa dalili. A nan, lokacin da majalisar dokokinmu mai kujeru 171 ke zama, labarin yakan zo ne da adadin masu goyon baya da masu adawa da waɗanda suka ƙaurace, kuma ban taɓa riƙe takardar da ta jera sunayensu ba.

Ba daga sifili za mu fara ba. Farfesa Abdu Mumuni Diyofo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci ofishin binciken hasken rana na ƙasa tun 1969, lokacin da ƙasashe da yawa ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. Dokar lantarki ta 2016 ta buɗe ƙofa ga ƴan kasuwa masu son samar da wuta, akwai hukumar da ke sa ido kan sashen makamashi, akwai kuma ta kai wuta karkara. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ba mu da zaɓaɓɓiyar majalisa, majalisar da aka kafa a 2025 ta bayar da shawara ce, amma a ganina wannan ne lokacin da ya dace a tsara yadda ƙuri'a za ta kasance idan zauren ya dawo.

Dalilina shi ne cinikin da aka yi da Manchin yana jiranmu a gida. Akwai gawayi a Salkadamna cikin jiharmu, an daɗe ana maganar gina tashar lantarki a kansa, kuma matasan yankin suna da haƙƙin sa rai da aikin yi. Duk wakilin Tawa da za a ajiye wa dokar da ta fifita hasken rana zai tsinci kansa tsakanin wannan buri da zafin da ke ƙona gonakin Adar, kuma ba zan zarge shi ba idan ya yi jinkiri. Abin da nake nema shi ne ya faɗi matsayinsa a fili, a rubuta shi da sunansa. Ina kuma son sassaucin kuɗin duwan a kan pano da batura da famfunan ban ruwa ya zama cikin doka mai wa'adin shekaru da dama, wadda masu rinjaye da ƴan adawa suka sa wa hannu tare, domin manomin albasa na Galmi da zai ci bashi ya maye gurbin injin mai da famfon hasken rana yana bukatar sanin farashin kayan gyara a shekara ta biyar kafin ya karɓi bashin.